G9a da maganar sikila, wa zai warware min?

Maryam_Biochem:
Salam 'yan uwa. Dan Allah wa ya gane aikin ƙwayar gadon nan EHMT2 da ake kira G9a? A lakca an ce tana rufe bakin wasu ƙwayoyin gado amma ba ta taɓa rubutun DNA ɗin, to ta yaya kenan? Kuma malam ya ce tana da alaƙa da sikila ya wuce kawai, ga jarabawa ta matso.

Abbakar_Lab:
Wa alaikumussalam ƙanwata. DNA ɗin sel ɗaya ya kai wajen mita 2, shi ya sa ake nannaɗe shi a jikin furotin da ake cewa histon kamar zare a jikin mazari. EHMT2 tana kuromosom na 6, enzayim ɗin da take samarwa yana ɗauko wata 'yar alamar sinadari da ake cewa methyl daga SAM (sinadarin da ke ɗauke da methyl a cikin sel) ya liƙa a lysine na 9 (lysine ɗaya ne daga cikin tubalan da ake gina furotin da su) na histon H3, yawanci guda biyu, shi ne H3K9me2 da za ki gani a takarda. Da alamar ta hau sai wurin ya tsuke ya ƙulle, masu karanta DNA su kasa shiga, rubutun na nan lafiya lau amma ba mai karantawa.

Hajiya_Nurse:
Ɓangaren sikila ni ya fi damuna. Jariri mai SS ba ya fara ciwo sai wajen wata 6, saboda haemoglobin F (furotin jini mai ɗaukar iskar oxygen da yake da shi tun yana cikin mahaifiyarsa) yana kare shi, daga baya jiki ya rufe ƙwayar gadon F ɗin, kuma G9a na cikin masu rufewar. A 2015 masu bincike sun toshe G9a da sinadarin UNC0638 a ƙwayoyin jini cikin lab sai F ɗin ya ƙaru. Amma fa a lab ne, ba magani ba ne a kemis, kar wani ya je yana tambaya. Maganin hydroxyurea dai muke bayarwa, shi ma F yake ɗagawa.

Maryam_Biochem:
Allah ya saka Anti. To methyl kullum rufewa yake kenan?

Abbakar_Lab:
A'a wallahi, nan ake faɗuwa. In a lysine na 4 ya hau buɗewa yake nunawa, wurin da ya sauka shi ne magana. Kuma kar ki haɗa EHMT2 da EHMT1 ta kuromosom na 9, tare suke aiki amma EHMT1 ce ta ciwon Kleefstra (ciwon da ke kawo jinkirin ci gaban ƙwaƙwalwa), malamai na son wannan tarkon.