Wace kalma za mu sa wa "jam" da "jam band" a Hausa?

Jama'a, ina neman gudummawar masu harshe. Ƙanena ya tambaye ni a waya wane irin kiɗa ne nake kashe wa kuɗin tikiti a nan Niyok, na buɗe baki na rasa kalma. Turawa suna ce wa ƙungiyar "jam band", abin da makaɗan suke yi kuma "jam". Idan na ce masa jam, abin shafa wa burodi zai ji.

Ga yadda abin yake. Makaɗa huɗu ko biyar za su soma waƙar da kowa ya sani, su rera baitocinta, sai su bar ta a baya su ci gaba da kiɗa zalla, ba wanda ya shirya inda za a dosa. Mai jita ya jefa wani sauti, mai fiyano ya cafe, mai ganga ya sauya taku. Minti 20 ko 30 suna tafiya, sannan su dawo kan waƙar, ko su faɗa cikin wata ba tare da sun tsaya ba. Gobe idan suka ɗauko waƙar nan, wata hanya daban za su bi.

Ni a ranar 25 ga Yulin 2017 na fara gani da idona, a Madison Square Garden, wani babban zauren wasanni a nan Niyok. Ƙungiyar Phish ce, wadda aka kafa a jihar Bamont a 1983, tana cikin jerin darare 13 da ta yi a zauren ba ta maimaita waƙa ko ɗaya ba. Kowane dare ana raba donat a ƙofa, na wannan daren mai jam ne a ciki, kuma duk wanda ya karɓa ya gane saƙon. Wata 'yar gajeriyar waƙarsu da ba ta wuce 'yan mintuna, ranar sai da ta kai kusan rabin awa. Dattijon da ya kai ni, abokin aikina ne, ya riƙe hannun rigata tun wajen minti na goma bai sake ba. Idonsa a rufe, leɓensa na rawa. Da makaɗan suka komo kan waƙar, zauren ya ɗauki ihu gaba ɗaya, na ji tsigar jikina ta tashi.

Shi wannan dattijo ƙungiyar Grateful Dead ya bi tun yana saurayi. Su ne uwa ma ba da mama a harkar: daga 1965 a Kalifoniya har rasuwar mai jitarsu Jerry Garcia a watan Agustan 1995, sun yi wasa fiye da 2,300. Sun bar masoyansu suna naɗar sauti, har a 1984 suka ware musu wurin kafa makirfo. A gidansa akwai kwalaye cike da kaset, kowane an rubuta masa kwanan wata da sunan gari da biro. Ba ya ce maka yana son waƙa kaza, sai dai ya ce waƙa kaza ta dare kaza. Har yau yana musu da abokansa a kan wasan Jami'ar Cornell na 8 ga Mayun 1977, wanda da yawa suke cewa babu kamarsa. Shi ya ce an cika yabonsa ne don kaset ɗinsa ya fito tangaram kuma ya yaɗu hannu da hannu.

To kalmar da nake so sai ta iya ɗaukar wannan duka.

Da na jefa tambayar, wani ɗan'uwa daga Damagaram ya rubuto: "Yaya, ai kiɗan nan take ke nan, me ya rage?" Na gode ƙwarai, kuma rabin gaskiyar tana nan. Amma nan take tana faɗin lokacin da aka ƙirƙira ne kawai. Maroƙi ma yakan ƙirƙiri kirari nan take, cikin numfashi ɗaya ya gama. Ba ta nuna doguwar tafiyar ba, ba ta nuna dawowar ba.

Wata malamar Hausa ta kawo "ƙire", ta ce masu nazarin waƙar baka sun san ta, ta kuma tuna mini Alhaji Mamman Shata, wanda za ka ji waƙarsa guda a kaset uku, gindinta ɗaya amma ɗiyanta sun bambanta. Malama, Allah ya ƙara ilimi, wannan misalin ya zauna daram, don masoyan Shata da na Garcia irin musun da suke yi ɗaya ne: ta wane wuri ta fi daɗi? Inda na tsaya shi ne, a wurin Shata magana ce take sauyawa, kalangu na riƙe da ƙasa. A wurin waɗannan kuwa baitoci ba sa motsi, kiɗan ne yake barin gida. Ga shi kuma kunnen mutumin kasuwa da ya ji ƙire, ƙiren ƙarya zai fara tunawa.

"Sakin linzami" ta daɗe a raina, wani mahayin doki daga Katsina ne ya bayar. Tana da kyau, sai dai linzami a hannun mutum ɗaya yake, alhali a daren nan ban iya nuna wanda yake jan ragama ba. Kuma a bakinmu wanda aka sakar wa linzami ya kusa lalacewa.

Sai can da dare wata baiwar Allah daga Kumasi ta rubuta kalma ɗaya tak: shawagi.

Hajiya, kin gama magana. Shirwa takan tashi daga reshe, ta hau iska, ta yi ta kewayawa ba ta kaɗa fiffike, ba ta ɓata ba kuma ba ta da hanyar da aka shata mata, in ta ga dama ta sauka inda ta tashi ko a wata bishiyar. Na gwada ta a jimla, ba ta yi tuntuɓe ba. "Sun yi shawagin minti 30." "Shawagin jiya ya fi na shekaranjiya nisa." "Sun tashi daga wannan waƙa suka sauka a waccan." Daren shiga shekarar 2000 a Fulorida, Phish sun yi ta shawagi daga tsakar dare har fitowar rana, sama da awa 7.

Wani ya yi gyara cewa 'yan jarida sun riga sun ba jiragen yaƙi kalmar. Haka ne, Malam, amma aro suka yi daga tsuntsu, mu ma wurinsa muka je.

Saboda haka ni na tsaya a nan: "jam" shawagi, nau'in kiɗan kiɗan shawagi, "jam band" makaɗan shawagi. Na kira ƙanena na faɗa masa haka, bai nemi ƙarin bayani ba, sai cewa ya yi in turo masa na daren donat ɗin ya ji.