Waƙar cocin nan da babu kiɗa

Ɗan Tsakar Dare: Jama'a, jiya na ci karo da wata waƙar coci cikin Latinanci a YouTube, ba ganga ba piyano, muryoyi zalla. Wannan ya ɗauka, wancan ya biyo shi, kamar ana saƙar tabarma. Har shayina ya huce ban lura ba. Na ga an rubuta Palestrina. Wane ne?

Tsohon Ɗan Kwaya: Mai tsara waƙoƙin coci ne ɗan Italiya, a birnin Rum ya rasu a 1594. Nemi waƙarsa Missa Papae Marcelli, muryoyi shida, an wallafa ta a 1567. Kowace murya da tata hanyar, amma kalmomin na fita tsaf.

Auta: Baba, shida ai wasa ne. Thomas Tallis na Ingila ya tsara Spem in Alium da muryoyi 40.

Ɗan Tsakar Dare: Arba'in?! Bari in sake dafa shayi tukuna.