Ƙararrawar gida mai kiran kamfani: wa ta taɓa yi wa rana?

Magidanci daga Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. A makon jiya an fasa gidan maƙwabcina da rana tsaka, suna wajen biki. Ta sama aka shiga: an ɗage kwano ɗaya, an fasa silin, an kwashe talabijin da kwamfuta da sarƙoƙin matarsa. Tun ranar uwargida ba ta barci, ta matsa mu saka ƙararrawar nan da ake haɗawa da kamfani, wadda in ta tashi su za su fara sani, su kira ka, su turo mutanensu. Kuɗin sakawa daban, na wata-wata daban. Don Allah wanda ya taɓa amfani da ita ya faɗa mana gaskiyar abin da ya gani.

Uwargida daga Abuja

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Malam, ni ta yi mini rana. Maigidana ya yi tafiya, daga ni sai yara, can cikin dare jiniya ta ɗauka. Kafin in lalubo makunnin fitila waya ta yi ƙara, wata mata ta ce ƙofar kicin ta baya ce aka taɓa, in tara yara a ɗaki ɗaya in kulle, kada in leƙa. Muna ƙudundune a bayan gado na ji motar masu gadinsu a bakin get. Da gari ya waye muka tarar da ƙarfen da aka ɓanɓare ƙofar da shi yashe a ƙasa, da silifa wari ɗaya a gindin katanga. Ko cokali ba a ɗauka ba. Sai dai ofishinsu yana cikin rukunin gidajenmu ne, da ƙafa ma za a iya zuwa. Wannan ka fara tambaya: daga ina motar za ta taso?

Ɗan kasuwa daga Kano

Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Nawa kamfanin a wancan ɓangaren gari yake. Ranar da aka haura mana, sun kira ni kam, ba su yi ƙasa a gwiwa ba, amma kafin motarsu ta iso har an watse, maƙwabta sun koma barci. Waɗanda suka kori ɓarayin su ne samarin layinmu da 'yan sintiri da suka ji jiniya suka fito da tocila da gora. Da shekara ta cika ban sabunta ba. Na sa an gyara akwatin ƙararrawar yana tura saƙo kai tsaye zuwa wayata, da ta ƙanena, da ta shugaban 'yan sintiri, kuɗin watan kuma na ƙara a kan abin da muke haɗa musu. Ban ce kowa ya yi haka ba, unguwa ta bambanta. Inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, kamfanin ne gatanka.

Mai saka na'urorin tsaro

Sana'ata ce, bari in ɗan tsawaita. Abu uku ne ke aiki tare: maganaɗisu a ƙofa da taga wanda ke sanar da an buɗe, na'urar da ke jin motsin ɗumin jiki a cikin ɗaki, sai akwatin da ke ɗauke da layin waya yana aika saƙo. Gidan maƙwabcinka, Malam, da maganaɗisun ƙofa kaɗai aka saka, da shiru za ta yi, tunda ba a buɗe ƙofa ba. Shiga ta rufi sai mai jin motsi a falo da ɗakin barci.

Abin da ya fi kashe ta a ƙasar nan wuta ce. Batirin cikin akwatin na ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci ne, ba na kwana da kwanaki ba, kuma zafi na cinye shi. Na sha buɗe akwati in tarar batir ya kumbura, masu gida suna ta biyan kuɗi ba su san ya mutu ba. A jona ta da inbata ko sola. Sai sabis: a 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, duk akwatin da ya dogara da layi ya zama jiniya zalla. Sannan ihun banza. Mage, labulen da iska ke kaɗawa, ko yaro ya manta lambar kashewa. In ta yi ta kuka babu dalili, ranar da ɓarawo ya zo na gaske ba mai ɗaga kai. Kuma lambar sirri a canza ta duk lokacin da ɗan aiki ko maigadi ya bar gidan. Da ɗan gari kan ci gari.

Ma'aikaciyar jinya a Ingila

A nan 'yan sanda ba sa fita don jiniya kawai. Sai an yi wa ƙararrawar rajista, kuma cibiyar da ke sa ido ta tabbatar, misali na'urori biyu daban sun tashi ɗaya bayan ɗaya. In ta yi kiran ƙarya sau 3 cikin wata 12, sai su janye zuwa gidanka. Wata maƙwabciyata haka ta faru da ita saboda karenta.

Bincike ma bai tsaya a baki ɗaya ba. Masana a Jami'ar North Carolina da ke Charlotte a Amurka sun tambayi fursunoni 422 da aka ɗaure kan fasa gida, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce in sun ga ƙararrawa za su nemi wani gidan. Amma gidauniyar masu sana'ar ƙararrawa ce ta biya kuɗin aikin, a san da wannan. A nan kuwa, masu nazarin alƙaluman laifuka na Ingila da Wales sun ga cewa makullin taga, makulli mai ƙarfi a ƙofa, fitilar ciki mai kunna kanta da ta waje mai jin motsi, in aka haɗa su, sun fi ƙararrawa kare gida. Ni da su na fara.

Dattijo daga Zariya

'Ya'yana, ku raba ɓarawon sane da ɗan fashi. Na farko yana gudun ƙara. Wanda ya zo da bindiga ya tarar da ku a ciki, jiniya na iya harzuƙa shi. Ɗana ya saka mini maɓallin da ake dannawa a ɓoye, ba ya ƙara, saƙo kawai yake aikawa. Yana gefen katifata. Allah ya sa kada a buƙace shi.

Magidanci daga Kaduna

Amin, Baba. Na gode muku duka. Gobe zan kira mai walda ya duba ƙarfen tagogi da rufin, in kuma je ofishin kamfanin da kaina in ga motocinsu da nisan hanya. Mai sana'a, in za a jona akwatin da inbatar gida, ana buƙatar wani batir daban ko na cikinsa ya isa?