Don Allah me za mu kira audiobook da Hausa? Jibi ake ba da hutu

Malamin Hausa, wajen Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Lokaci ya ƙure min. Jibi Alhamis za mu ba da hutun zango na ɗaya, kuma duk shekara abin da ke damuna yara su tafi gida a Disamba su dawo a Janairu kamar ba su taɓa ganin baƙi da wasali ba, da safe sanyi ya hana fita, da daddare a kewaye wuta ana hira har barci ya kwashe su. To bana na zaɓi gajerun labarai guda 8 na buga a takarda, na kuma karanta su da bakina na naɗa a waya, zan zuba wa iyaye a memori yaro yana ji yana bin layi da yatsa. Abin da Turawa ke ce wa audiobook kenan. Takardar iyaye zan rubuta na rasa sunan da zan sa masa. Ku taimaka.

Uwar Biyu, Kazaure:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Littafin sauraro mana. Kamar ruwan sha, kamar abin hawa.

Ɗalibi daga Bichi:
Ko littafi mai magana, ko littafin murya.

Uwar Biyu:
Mai magana kuma? Tsohuwata in ta ji haka cewa za ta yi na aljanu ne, ba za ta bari ya kwana a ɗakinta ba.

Ɗan Gumel:
Duk kun yi tsawo. Ni na daɗe da samo masa suna: JIYAU. Kalma ɗaya tak, daga ji. A ce na sauke jiyau uku, yara suna can suna jin jiyau. Malam rubuta kawai.

Ɗalibi daga Bichi:
Yaya ai jiyau tana da mai ita. Ba ka ji ana cewa ni ganau ne ba jiyau ba? Jiyau mutum ne wanda labari ya iske, bai gani da idonsa ba. Ganau, jiyau, mantau, duk mutane ne. In ka bi ta nan yaron ne jiyau, ba littafin ba.

Ɗan Gumel:
To jirgi fa? Da can na ruwa kaɗai aka sani, yau ga na ƙasa ga na sama, wa ya hana? Kalma tafiya take yi. Matsalarku kenan 'yan jami'a, in ba a cikin ƙamus kuka gani ba to ba Hausa ba ce, shi kansa Baturen nan Bargery da ya fitar da nasa ƙamus ɗin a 1934 a bakin kakanninmu ya tsinto.

Ɗalibi daga Bichi:
Ban ce maka ƙamus ba Yaya, maganar kasuwa na kawo maka.

Mai caji, Wudil:
Ni dai gaskiya ranar Juma'a in kasuwa ta ci mata da samari ke cika min rumfa, kuma abin da suke cewa shi ne a tura min odiyon littafi, ko kawai a sa min littafi a memori. Ban taɓa jin wani suna ba. Malam ka sa odiyo kowa zai gane.

Tsohon Hedimasta:
Odiyo! Haba ɗana. Harshe irin namu mai yalwa a ce sai mun ara? Wannan lalaci ne. Kuma ni tun farko ban yarda a kira shi littafi ba, ji daban karatu daban, yaron da aka saba wa kunne yaushe zai wahalar da ido?

Uwar Biyu:
Baba Allah ya ƙara girma, amma ai littafi da karatu su ma daga Larabci muka samo su, sun zauna sun zama namu. Kuma abin nan ba baƙo ba ne, shekara nawa muna jin ana karanta littattafan Hausa a gidajen rediyon Kano muna tsinke zogale muna bi? Ga Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, mata su rubuta gajerun labarai a karanta a rediyo. Ni ta nan na fara son sayen littafi wallahi.

Malamin Hausa:
Ranka ya daɗe Baba, shi ya sa na haɗa da takarda. A makarantar allo ma malam ke biya wa yaro, yana ji idonsa na kan allo har ya iya. Hanyar nake so in bi, don yawancin iyayen nan ba su yi boko ba balle su biya musu a gida.

Tsohon Hedimasta:
In da takarda a hannunsa to da sauƙi. Amma kar in ga odiyo a takardar makaranta.

Ɗan Gumel:
Ba wanda ya kawo hujjar da ta kayar da jiyau har yanzu. Da a ce daga cikin birnin Kano ta fito da tuni an tafa.

Mai caji:
Yau kuma ga wata sabuwa, ina ruwan birni a nan, duk cikinmu wa ke birni?

Malamin Hausa:
Ku yi haƙuri don Allah, gobe da sassafe zan shiga Ringim bugawa. Na rubuta haka: muna ba yaranku littafin sauraro, wato labarai da aka karanta aka naɗa a memori, tare da takardarsu. In na tsaya gaban iyaye kuma zan ce odiyo sau ɗaya saboda masu waya su gane.

Tsohon Hedimasta:
A baki dai, ba a rubuce ba. To shi ke nan.

Ɗan Gumel:
Ni dai a gidana jiyau ne sunansa. Malam in ka gama ka turo min su, ina da yara uku a firamare.