Lissafin GPA da CGPA: inda ɗalibai ke tuntuɓe

Malam Sani: Assalamu alaikum. GPA shi ne matsakaicin makin ɗalibi na zangon karatu ɗaya, CGPA kuwa na dukan zangunan da ya yi a haɗe. Ga lissafin a tsarin maki 5 na jami'o'in Najeriya. A (70 zuwa 100) maki 5 ne, B (60–69) 4, C (50–59) 3, D (45–49) 2, E (40–44) 1, F sifili. Ka ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa (wato nauyin da aka ba kwas ɗin), ka tara, ka raba da jimillar yunit da ka yi rajista. B a kwas mai yunit 3 ya ba ka 12, A a mai 2 ya ba ka 10, C a mai 3 ya ba ka 9, F a mai 2 ba komai. 31 raba 10, GPA ɗinka 3.10. Yunit biyun da ka faɗi suna cikin goman nan.

Malama Hadiza: Haka ne, Malam. Babban kuskure wajen lissafin CGPA shi ne haɗa GPA biyu a raba gida biyu. Wanda ya samu 3.00 a zango mai yunit 24, ya samu 4.00 a mai yunit 16, zai ɗauka ya kai 3.50. Bai kai ba: 72 da 64 sun zama 136, raba 40, 3.40 ke nan. Digiri mai daraja ta biyu na sama daga 3.50 yake farawa, ta ɗaya daga 4.50, ta biyu na ƙasa daga 2.40. Wannan 0.10 ɗin ne ke hana wasu guraben karatu na gaba.

Yaya Musa: Kuma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ɗalibin da ya tara yunit 120 a kan 3.30, saura 40, sai ya ci 4.10 a shekarar ƙarshe kafin ya taɓa 3.50. Ƙannena 'yan shekarar farko, kada ku raina kwasa-kwasan farko.

Malama Hadiza: A kuma duba sakamako kowane zango. Kwas ɗin da aka yi wa rajista ba a rubuta ba yakan fito sifili. In maki ya ɓace, a je wurin jami'in jarrabawa na sashe nan take, da takardar rajista a hannu.

Malam Sani: 'Yan folitekinik kuwa ma'auninku maki 4 ne, mafi girman daraja daga 3.50 take.