Neman shawara: gidajen tarihin Landan da dattijo da yara, ta ina za mu fara?

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah Ya yarda ƙarshen Oktoba za mu shiga Landan ni da Baba da yarana. Baba mutum ne mai son tarihi, tun yanzu ya ƙwallafa rai sai ya ga British Museum, amma gwiwa na damunsa, ba ya iya doguwar tsayuwa. Su kuma yaran ba ruwansu da komai sai ƙasusuwan dabbobin da suka gani a hoto. Lokacinmu kaɗan ne. Na duba intanet kaina ya ɗaure: an ce shiga kyauta ne, sai kuma ga wurin sayen tikiti. Wanne ne gaskiya? Kuma baje kolin musamman ɗin da suke ta tallatawa, ya kai a biya masa kuɗi? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ɗalibi a Landan: Wa'alaikumus salam Hajiya. Duka biyun gaskiya ne. Kayan da ke ajiye dindindin a manyan gidajen, irin su British Museum, National Gallery, Victoria and Albert Museum (V&A), Tate Modern da Natural History Museum, kallonsu kyauta ne. Abin da ake biya shi ne baje kolin musamman, wanda ake aro kaya daga wasu wurare a haɗa na 'yan watanni sannan a watse. Ko na kyautar ma gara ki yanki tikiti mai ɗauke da lokaci a shafinsu tun kafin ku taso, don ƙarshen Oktoba ya faɗa cikin hutun tsakiyar zangon makarantu, layi kan yi tsawo sosai.

Dattijon zaure: 'Yata, shawarata ɗaya ce, kuma ta mai ciwon gwiwa ce irin mahaifinki: kada ku shiga British Museum da niyyar gama shi. Kaya kusan miliyan 8 ke hannunsu, wanda ke a fili ma ya doshi 80,000. Wanda ya ce sai ya leƙa kowane ɗaki, zai fito ƙafa a kumbure bai riƙe komai a kai ba.

Ku zaɓi ɗakuna uku ku zauna musu. Ɗaki na 4 nan ne Dutsen Rosetta yake, wanda aka tsinta a Masar a 1799, saƙo guda cikin rubutu iri uku, shi ya buɗe wa masana hanyar karanta rubutun Fir'aunoni a 1822. Kullum a kewaye yake da masu ɗaga waya, don haka da an buɗe ƙofa ku nufe shi. Daga nan ku sauka ƙasa, ɗaki na 25, sashen Afirka, inda aka jera allunan tagulla na Masarautar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Can ƙasa babu turmutsutsu. Ki bar Baba ya matsa kusa ya ga yadda maƙeran suka fitar da murjanin wuyan fadawa ɗaya bayan ɗaya, har da zanen ganye a bayan allon. Ni dai duk lokacin da na tsaya gabansu raina kan sosu, gwanintar na burge ni, yadda suka zo nan kuma na ci mini tuwo a ƙwarya. Na uku, ku hau sama sashen duniyar Musulunci na Albukhary da aka buɗe a 2018.

Suna ba da aron keken marasa lafiya in an nema da wuri, akwai kuma lifta. Kada Baba ya ji kunyar hawa.

Malama mai zane: Dattijo ya yi magana, amma ina da ɗan ja kan baje kolin musamman, don na ga kowa na ta karkata ga na kyauta. Abin da ke ajiye dindindin yana nan ko bayan shekara goma kika dawo. Na musamman kuwa in ya wuce ya wuce, ƙila ba za a sake haɗa waɗannan kayan ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Kuma da yake ana ƙayyade yawan masu shiga, an rubuta bayani bi da bi, mutum kan fi fahimta. Ki duba abin da suke nunawa a lokacin. In ya dace da abin da Baba ke so, ki biya masa guda ɗaya, ya isa.

Ɗalibi a Landan: Anti, gaskiyarki, sai dai ga wanda bai taɓa zuwa ba, na kyautar kansa duk sabo ne. Ga shi a na kuɗin galibi tsaye ake bin layi daga allo zuwa allo, wani lokacin ma a hana hoto. Ga dattijo mai gwiwa ban ga ribar ba.

Malama mai zane: To ai sai Hajiya ta auna. Amma Juma'a British Museum kan kai har 8:30 na dare, yamma ta fi sauƙin jama'a.

Wata uwa: 'Yar uwa, batun yara ni zan faɗa miki. South Kensington za ku je, a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Natural History Museum da Science Museum da V&A duk titi ɗaya suke. Kina shiga babban zauren na farkon za ki ga ƙashin dabbar nan mafi girma a teku, wato blue whale, rataye a sama, tsawonsa mita 25, nawa yaran sai da suka yi tsit. Sashen ƙasusuwan dinoso shi ne mai layi, ku fara da shi. In da wani babba tare da ku, ku raba tafiya: yara can, ke da Baba ku tsallaka V&A ku ga dardumar Ardabil da aka saƙa a Iran a 1539 zuwa 1540, tsawonta ya haura mita 10. Minti goma kawai ake haska ta, kan awa da rabin awa, don kada haske ya koɗar da launinta. Akwai wurin zama kusa, ku jira a kunna. Kuma kada ki ɗauko akwati mai taya, British Museum ba sa barin shiga da shi, ana kuma binciken jaka a ƙofa.

Maman 'yan biyu: Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baba, ya ce keken dai sai ya gani, amma ɗaki na 25 ba fashi. Za mu sa British Museum ranar Juma'a da yamma, yara kuma washegari da sassafe. Malama, zan duba abin da ake nunawa kafin in yanke. Ɗan uwa ɗalibi, daga tashar Holborn ko Tottenham Court Road, wacce ta fi sauƙin taku ga dattijo?

Ɗalibi a Landan: Tottenham Court Road, Hajiya. Tana da lifta tun daga dandamalin jirgi har titi, Holborn kuwa sai an hau matakala.