Abin da iyaye suka tattauna kan gwajin kimiyya a gida

Ranar Lahadi da yamma mun zauna da wasu iyaye da malaman lakwal biyu a unguwarmu nan Maradi, hira ta kai mu ga yadda za a sa yara su so kimiyya ba tare da kashe kuɗi ba.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne gwajin zoɓo. A jiƙa shi, a tace, a zuba a kofi uku. Na farko a bar shi haka. Na biyu a matsa masa lemun tsami, sai ya yi ja wur. Na uku a ɗiga masa ruwan kanwa, nan take ya yi duhu, har ya ɗan koma kore. Wata malama ta ce sinadarin da ke ba zoɓo launi ne yake canzawa idan ya haɗu da tsami ko kanwa. Na gwada da 'yata, ta yi tsalle tana kiran kakarta ta zo ta gani.

An kuma ambaci ƙwai: yana nutsewa a ruwa, amma a zuba gishiri da yawa sai ya taso. Lokacin hunturu kuma, a goga balan-balan a gashi, ya ɗauki guntayen takarda, domin iska a bushe take.

Kowa ya yarda cewa kada a bar yaro shi kaɗai da wuta, kuma ruwan kanwar nan babba ne zai zuba, a zubar bayan an gama.